Ginin Jimlar Turanci da Daidaita Aikatau da Mai Aiki: Jagora Daga Tushe

Duk wanda ya taɓa zama da jan biro a kan tarin takardun ɗalibai ya san ba manyan kalmomi ne ke kayar da yaro a Turanci ba. Na sha ganin ɗalibi ya rubuto *notwithstanding* ba kuskuren baƙi ko ɗaya, sannan a layin da ke ƙasa ya rubuta *my father go to the farm every day*. Harafi biyu kacal suka ɓace a ƙarshen *go*, amma duk mai karatu da ya san harshen a nan idonsa zai tsaya. Malaman Turanci suna kiran wannan babi *concord*, kuma da wuya ka buɗe takardar WAEC ko NECO ko JAMB ba ka ci karo da shi ba.

Abin da nake fara gaya wa yaran da ke zuwa lesin wurina shi ne, dokar ba baƙuwa ba ce, da ita aka yaye su. Wane Bahaushe ne zai ce "Binta ya tafi kasuwa" ko "yara ta zo"? Tun maganar ba ta gama fita ba kunnensa zai ƙi ta. To wannan shi ne daidaiton. Bambancin kawai, Hausa ta ɗora alamar a kan wata ƙaramar kalma da ke gaban aikatau (kalmar aiki), wato ya, ta, sun, shi kuwa Turanci ya liƙa tasa a wutsiyar aikatau ɗin. Idan ka riƙe wannan, sauran aikin gane wuraren da Hausa za ta kama maka hannu ne, da wuraren da za ta kai ka ta baro.

## Mataki na farko: kafa ƙashin bayan jimla

Jimlar Turanci tana tafiya ne a kan jeri guda: mai aiki, aiki, sannan wanda aikin ya faɗa wa. A nahawun Hausa sunansu aikau, aikatau, karɓau. Sa'armu ita ce jerin Hausa ke nan shi ma.

Audu ya sayi rago.
*Audu bought a ram.*

Wanda ya yi karatun Larabci ya san can jimla takan fara da aikatau. A Turanci ba haka ba ne, kuma mazaunin kalma shi ke nuna aikinta. *The dog bit the boy* kare ne ya ciji yaro. Juya su ka ce *The boy bit the dog*, kalmomin ba su sauya ba, amma yanzu yaro ne ya ciji kare.

Yawancin jimlolin da za ka rubuta a rayuwarka ba za su wuce waɗannan sigogi ba. Akwai wadda mai aiki da aikatau sun isa: *The baby slept.* Akwai mai karɓau ɗaya, kamar ta ragon Audu. Akwai mai karɓau biyu: *Audu gave Binta money*, daidai da "Audu ya ba Binta kuɗi", mutum kafin abu. Akwai mai bayyana ko wane ne mai aikin ko yaya yake: *Binta is a nurse*, *The soup tastes good.* Akwai mai nuna inda yake: *Binta is in Kano.* Sai wadda ke faɗin abin da aka mayar da wani: *They made him captain.* In za ka ƙara bayani, an fi jera shi haka: yadda aka yi, inda aka yi, lokacin da aka yi. *She spoke quietly in the office yesterday.* Kada dai ka raba aikatau da karɓaunsa. Yadda ba ka cewa "ina son sosai shayi", haka ba a cewa *I like very much tea*. Ana cewa *I like tea very much.*

Yanzu ga ramuka uku da Hausa ke haƙa mana a nan.

Na ɗaya, ninka mai aiki. A Hausa dole ka ce "Audu ya saya", suna da wakilinsa tare. Sai yaro ya kwaso tsarin ya rubuta *Audu he bought a ram.* Turanci ɗaya yake so: ko *Audu bought*, ko *He bought*.

Na biyu ya fi yawa. Muna da jimloli cikakku da ba aikatau a cikinsu: "Ni malami ne", "Gidan babba ne", "Tana kasuwa". Jimlar Turanci kuwa ba ta tsayuwa sai da aikatau, ko da ba wani aiki ake yi ba. Abin da ke cike gurbin shi ne *am*, *is*, *are*: *I am a teacher. The house is big. She is in the market.* Duk inda ka ji "ne" ko "ce" a zuciyarka, ko "yana" da "tana" da sunan wuri a bayansu, to nemi ɗayan ukun nan.

Na uku, jimlar da ba ta da mai aiki. Mukan ce "ana ruwa", "akwai zafi", "ƙarfe biyu ne". Turanci ba ya barin kujerar mai aiki ba kowa, sai ya zaunar da *it* a kai ko da ba ta wakiltar komai: *It is raining. It is hot. It is two o'clock.* A nan ne zan yi ƙorafi a kan *am fine* da *am coming* da suka cika WhatsApp. A hira tsakanin abokai ba wanda zai kama ka, amma hannu yakan saba, ranar rubuta takardar neman aiki sai ya zubo maka ita. *I am* ne, ko *I'm*.

Sifa ba ta da wahala. Mu muna iya cewa "jar mota" ko "mota ja", kuma in motocin sun yi yawa su zama "jajayen motoci". A Turanci gaban suna take zama, ba ta kuma sauya kama: *a red car*, *red cars*.

## Mataki na biyu: harafin s da inda yake sauka

Ga dokar a dunƙule. Idan kana magana a kan abin da aka saba yi ko abin da yake gaskiya kullum, kuma mai aikin ɗaya ne wanda ba kai ba, ba kuma wanda kake yi wa magana ba, to aikatau yana ɗaukar *s*.

*I work. You work. We work. They work.*
*He works. She works. It works.*

Abin da ke rikita ɗalibi shi ne an koya masa tun firamare cewa *s* alamar jam'i ce. Gaskiya ne, amma a jikin suna. A jikin aikatau alamar tilo ce. Dubi waɗannan biyun:

*The boy plays.*
*The boys play.*

Nakan ce wa yara su ɗauka hula ɗaya ce tsakanin wa da ƙani: in suna ya sa, aikatau ya tafi kai ba hula, in suna bai sa ba, aikatau ya ɗauka. Dabarar tana aiki sosai, sai dai kada ka manta akwai jam'in da ba ya da *s* tun asali, irin su *children*, *men*, *women*, *teeth*, kuma duk da haka jam'i ne: *The children play.* Akwai kuma tilon da da *s* ɗinsa aka halicce shi: *The bus stops here.* Saboda haka ma'ana za ka duba, ba ƙarshen kalma kawai ba.

Wajen rubutawa, aikatau da ya ƙare da *s*, *sh*, *ch*, *x* ko *z* yana ɗaukar *es*: *passes*, *washes*, *watches*, *fixes*. Haka *go* da *do*: *goes*, *does*. In ya ƙare da *y* kuma baƙi ne a gabanta, sai ta koma *ies*: *carry* ya zama *carries*, *study* ya zama *studies*. In wasali ne a gabanta, a bar ta: *plays*, *buys*. *Have* kuwa *has* yake komawa.

Me ya sa wannan *s* take yawan zube mana? A ganina laifin baki ne kafin ya zama na hannu. Kalmomin Hausa galibinsu da wasali suke ƙarewa, kuma harshenmu ba ya son baƙaƙe su yi cincirindo. Shi ya sa *bread* ya zama burodi, *bench* ya zama benci, *screwdriver* ya zama sukuddireba. To ka ce wa mai wannan baki ya furta *asks* ko *wants* ko *helps*, baƙi uku a jere ba wasali. Sai ya sauke na ƙarshen, abin da bai furta ba kuwa ba zai rubuta ba. Maganinsa karatu da murya. Ɗauki jimla goma, ka karanta a bayyane kana jan *s* ɗin har ta yi maka yawa a kunne. Lura kuma ba sauti ɗaya take da shi ba: a *works* kamar "s" take, a *runs* kamar "z", a *watches* kamar "iz".

Wanda ya yi boko a Nijar ko Chadi, ya sha haddar sauye-sauyen aikatau na Faransanci, in ya zo nan dariya zai yi. Turancin dā ma yana da irin waɗannan ƙarshe-ƙarshe da yawa, zamani ya cinye su. Wajen shekarar 1600 ana rubuta *goeth* ana rubuta *goes*. Ta biyun daga arewacin Ingila ta gangaro, ita ce kuma ta yi saura.

In ana magana a kan abin da ya riga ya faru babu wannan rigima ko kaɗan: *I went, he went, they went.* Aikatau ɗaya ne ya ƙi ajiye tsohon hali, shi ne *be*. Yanzu: *I am*; *he, she, it is*; *we, you, they are*. A baya: *I, he, she, it was*, *we, you, they were*. Ka lura da *you*. Mu muna da kai, ke, ku. Su kalma ɗaya ce, kuma ko mutum guda kake yi wa magana *you are* ne, *you were* ne. *You was* ba ta da mazauni a rubutu.

## Mataki na uku: in mataimaki ya shigo, shi ke ɗaukar kaya

Wajen korewa da tambaya, Turanci yakan kira mataimakin aikatau, *do*. Da zarar ya shigo, alamar daidaito ta koma kansa, babban aikatau ya tsaya tsurarsa.

*She cooks.*
*She does not cook.*
*Does she cook?*

*S* ɗin ta tashi daga *cooks* ta koma *does*. Wanda ya rubuta *She doesn't cooks* ya biya kuɗin mota sau biyu. Wanda ya rubuta *She don't cook* bai biya ba sam, ko da kuwa ya sha jin haka a waƙoƙi da finafinan Amurka. Haka abin yake da *did*: *He went*, amma *He did not go*, *Did he go?* Ba a cewa *did not went*.

Akwai wasu mataimaka tara da ba ruwansu da *s* ko wane ne mai aikin: *can, could, will, would, shall, should, may, might, must*. Aikatau da ya biyo su shi ma tsurarsa yake zuwa. *He can swim. She must go.* Haka wanda ya biyo *to*: *He wants to eat*, na farko ya ɗauka, na biyu bai ɗauka ba.

Batun tambaya yana son a ɗan dakata. A Hausa murya kawai kake ɗagawa: "Ka ci abinci." "Ka ci abinci?" Ko ka sa "shin" a gaba. A Turanci mataimaki ne ke tsallakowa gaban mai aiki: *You have eaten* ta zama *Have you eaten?* *He is coming* ta zama *Is he coming?* Amma in tambayar ta shige cikin wata jimla, jeri ya koma yadda yake: *Where does he live?* amma *I don't know where he lives.* Ga *s* ta dawo gida, tunda *does* ya fita.

## Mataki na huɗu: nemo mai aikin na gaskiya

Nan ne kasuwar take ci, kuma nan masu shirya jarrabawa suke ɗana tarkonsu. Ɗalibi ya san doka sarai, amma sai ya daidaita aikatau da kalmar da ta fi kusa da shi, alhali mai aikin yana can baya.

*The box of books is missing.*

Ido yana ganin *books* dab da gurbin, hannu ya rubuta *are*. Tsaya ka tambayi kanka: me ya ɓata? Mayar da ita Hausa: "Akwatin littattafai ya ɓata." Ba za ka taɓa cewa "sun ɓata" ba, domin akwati kake nufi. Wannan gwaji na mayarwa Hausa shi ne makami mafi kaifi da kake da shi a wannan mataki. Na biyunsa, sa yatsa ka rufe duk abin da ya fara da *of*, *in*, *on*, *with*, *from*, *for* bayan sunan farko, ka karanta abin da ya rage: *The box is missing.* Na uku, musanya mai aikin gaba ɗaya da *he*, *she*, *it* ko *they*. In *they* ta zauna, jam'i ne.

*The price of tomatoes has gone up.* Farashi ne ya tashi.
*The students in my class are serious.* Ɗalibai ne, ba aji ba.
*One of my brothers lives in Zaria.* Ɗaya daga cikinsu yana zaune, ba suna zaune ba.

A ta ƙarshen nan ana yin kuskure iri biyu: wasu su ce *one of my brother*, wasu su ce *live*. Sunan da ke bayan *one of* jam'i ne, aikatau kuwa tilo.

Abu biyu da aka haɗa da *and* jam'i ne: *Audu and Musa are here.* Sai fa in biyun abu ɗaya ake nufi. Mai sayar da garau-garau in zai faɗi cimarsa da Turanci, *Rice and beans is my favourite food* zai ce, don kwano ɗaya ne. Haka *The principal and secretary is here* mutum ɗaya ne mai muƙami biyu. In ka ga *the* sau biyu, *the principal and the secretary*, mutum biyu ne, sai *are*.

Amma *with*, *together with*, *along with* da *as well as* ba su da ƙarfin *and*. 'Yan rakiya ne, ba a ƙidaya su: *The governor, together with his aides, has arrived.* Gwamna ya iso, muƙarrabai sun biyo bayansa ne kawai.

*Or* da *nor* suna da tasu al'ada, a nan bin na kusa yake daidai. *Either the teacher or the students are wrong. Either the students or the teacher is wrong.* Wanda ya fi kusa da aikatau shi ke da iko. In ta biyun ta yi maka nauyi a baki, sa jam'in a ƙarshe ka huta.

*Everybody*, *everyone*, *somebody*, *nobody*, *each*, *every*: duk tilo ne, ko mutum dubu ake nufi. Nan ma Hausa tana bayanka, domin "kowa ya zo" muke cewa, ba "kowa sun zo" ba. *Everybody has come. Each of the girls has a book.*

"Akwai" da "babu" ba sa sauyawa a Hausa: akwai mutum, akwai mutane. A Turanci mai aikin yana bayan aikatau, shi za ka leƙa: *There is a man outside. There are men outside.*

*The number of students is small*, adadi ake magana, adadi kuwa ɗaya ne. *A number of students are absent*, ma'anarta ɗalibai da dama. *Some of*, *most of*, *half of*, *a lot of* suna bin sunan da ke bayansu: *Half of the water is gone. Half of the goats are gone.* Kuɗi, lokaci da nisa in dunƙule su aka yi, tilo ne: *Five thousand naira is too much. Ten years is a long time.* Aiki in ya zama shi ne mai aiki, tilo ne: *Reading newspapers helps.* Sannan *who*, *which* da *that* ba sa nuna yawa yadda wanda, wadda, waɗanda suke nunawa. Sunan da ke gabansu za ka duba: *the man who sells meat*, *the men who sell meat*.

## Mataki na biyar: inda gwajin Hausa zai yaudare ka

Na yabi mayarwa Hausa, to ga iyakarta. Akwai kalmomin da harsunan biyu ba su ƙidaya su iri ɗaya.

Muna cewa labarai, bayanai, shawarwari, kayayyaki, duk jam'i. A Turanci *news*, *information*, *advice*, *luggage*, *furniture* da *equipment* ba a ƙidaya su, kamar ruwa ko gari suke. Tilo ne, ba sa karɓar *a*, ba a kuma ƙara musu *s*. Ta jikin *news* da ita aka san ta. *The news is good. The equipment has arrived.* In kana son guda ɗaya, ka ce *a piece of advice*. *Informations* da *equipments* sun cika takardun ofisoshinmu har sun fara kama da daidai, amma mai duba jarrabawa zai ja musu layi. *Mathematics*, *physics*, *economics* da *measles* su ma tilo ne duk da wutsiyarsu.

Sai akasin haka. Wando ɗaya ne a wurinmu, almakashi ɗaya, tabarau ɗaya. Bature ya dubi ƙafa biyu, baki biyu, ido biyu, ya ce jam'i ne: *My trousers are torn. The scissors are sharp.* In ka sa *a pair of* a gaba, sai a koma tilo: *This pair of trousers is new.* *Police*, *people* da *cattle* jam'i ne ba tare da *s* ba, kuma nan mun dace, don 'yan sanda, mutane da shanu muke cewa: *The police are coming.*

Ƙidaya ma tana da nata. "Mota biyu", "shekara goma", "buhu uku" Hausa ce tsantsa, suna yana tilo. Turanci ba ya yarda: *two cars*, *ten years*, *three bags*.

Akwai kuma jam'in girmamawa. Almajiri yakan ce "Malam sun fito", bafade ya ce "Sarki sun sauka". Ladabi ne mai kyau, amma ba ya ƙetarawa. *The Emir has arrived*, komai girman rawani. Haka "su Audu sun zo" ba ta da takwara kai tsaye. Sai ka ce *Audu and the others have come.* Jinsi kuma, mota mace ce a wurinmu, gida namiji, amma can duk *it* ne.

Sunayen taro irin su *team*, *family*, *committee* da *government* su ne Turawan kansu ba su daidaita a kai ba. A Ingila za ka ji *the team are playing well*, a Amurka kusan kullum *is*. Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, inda ƙa'idar ita ce: in taron abu guda ya yi da murya ɗaya, tilo, in mutanen ciki ake nufi ɗai-ɗai, jam'i. *The committee has decided. The committee are arguing among themselves.* Shawarata, in kana shakka ɗauki tilo, kuma kada ka sauya a tsakiyar jimla.

## Mataki na shida: haɗa jimla da jimla

Wannan gajere ne. Waƙafi shi kaɗai ba ya ɗaure cikakkun jimloli biyu. Ko ka sa aya, ko ka kawo *and*, *but*, *so*. Abin da ya fara da *because*, *when*, *if* ko *although* rabin magana ne, sai an cika shi. Kuma mu da muka saba da "ko da yake... amma", mu kula: *Although he is rich, he is humble.* Ba a ƙara *but*. Kowane ɓangare na doguwar jimla yana da nasa mai aiki da nasa aikatau, kowanne kuma sai an duba shi daban.

## Mataki na bakwai: duba rubutunka da kanka

In ka gama rubutu, kada ka karanta shi don ma'ana, ka riga ka san abin da kake nufi, ido zai yi ta tsallake. Ɗauki fensir. Ja layi biyu ƙarƙashin kowane aikatau. Ga kowanne ka tambaya, wa ya yi, ko me ya yi? Ja layi ɗaya ƙarƙashin amsar. In ka rasa aikatau, ka manta *is* ko *are*. In ka samu mai aiki biyu a jere, goge ɗaya. Sannan musanya mai aikin da *he*, *she*, *it* ko *they*, ka karanta su biyun kaɗai da murya.

Gwada a kan wannan. Na harhaɗa shi ne daga irin abin da nake gani kowane mako, kuma kuskure goma ne a ciki. Rufe abin da ke ƙasa sai ka nemo su.

*My uncle he have two shop in the market. One of the shops sell cloth. The price of the goods are high this year, and everybody are complaining. The news are not good. My uncle and his friend doesn't travels at night because the road bad.*

Jimlar farko tana da uku: *he* ta yi yawa tunda ga *my uncle*, kawu mutum ɗaya ne, saboda haka *has*, shago biyu kuma *two shops*. A ta biyu, ɗaya daga cikin shagunan ne ke sayarwa, *sells*. A ta uku, farashi ne ya yi tsada ba kaya ba, *is high*, kowa kuma tilo ne, *is complaining*. Ta huɗu, *The news is*. Ta ƙarshe ita ma uku: kawu da abokinsa mutum biyu ne, *don't*, bayan mataimaki aikatau tsurarsa yake, *travel*, sannan "hanyar ba kyau" tana neman aikatau, *the road is bad*.

Yawancin ɗalibaina bakwai ko takwas suke samu a karon farko. Wanda ya fi kuɓuce musu shi ne na ƙarshe, *the road bad*, don in suka karanta a zuci Hausa ce ke amsa musu, ita kuwa ba ta ga abin da ya ɓace ba. Wanda ya rasa wannan, nakan sa shi ya rubuto min jimla ashirin a kan unguwarsu kafin haɗuwa ta gaba, kowacce da *is* ko *are* a ciki, ya kuma zagaye su da biro.